Gayyar Masu Zayyana A Ƙasar Amurka

Duk wanda Allah ya nufe shi da shiga filin jirgin sama, ko a kan hanyar Makka ko kuwa wata tafiya ta fatauci, lalle ya ga waɗansu 'yan hotuna rataye bisa ƙofofi. Ga mutum tsaye da kai kamar ƙwallo, ga mace daura da shi, watau makewayi ke nan. Ga wuƙa da cokali mai yatsu, wurin cin abinci. Ga akwati, wurin karɓar kaya. Babu boko, babu ajami, amma tsohon da bai taɓa riƙe allo ba yakan duba sau ɗaya ya nufi inda yake so.

Yawancin waɗannan hotuna, ko su ko jikokinsu, daga hannun wata jam'iyya ta ƙasar Amurka suka fito, wadda ake kira AIGA a taƙaice, watau jam'iyyar masu sana'ar zayyana da ɗab'i. Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ce ta roƙe su aikin. Suka naɗa kwamiti na mutum biyar, Thomas Geismar ne shugabansa, suka tattaro alamomin da ake aiki da su a filayen jiragen sama da tashoshin jirgin ƙasa da wasannin Olimfik na ƙasashe dabam dabam, suka yi ta awon wadda ta fi saurin shiga ido. Sa'an nan gwanaye biyu, Don Shanosky da Roger Cook, wanda iyayensa Falasɗinawa ne, suka zauna suka zana. Aka fid da alama 34 cikin 1974, aka ƙara 16 cikin 1979, suka cika 50, aka kuwa bar su kyauta, kowa ya ɗauka ya yi amfani ba tare da biyan ko anini ba.

To, labarin jam'iyyar nan nake so in ba ku yau, da abin da ya riƙe ta shekara ɗari da 'yan kai. Ma'aikatanta masu albashi 'yan kaɗan ne ƙwarai. Nauyinta duka yana bisa wuyan mutanen da ba a biyansu, waɗanda sukan tashi daga wurin neman abincinsu da yamma su kama wani aikin dabam saboda 'yan'uwansu na sana'a.

Mu dai mun san zayyana a jikin allon sauka, da ƙirjin babbar riga, da fuskar soro. Can kuwa ta zama sana'a mai zaman kanta, da makarantunta da gwanayenta. Mai zayyana shi ke tsara bangon littafi, shi ke zaɓen siffar baƙaƙen da za a buga shi da su, shi ke ƙago tambarin kamfani da kwalin sabulu da allon kwatance na bakin titi, a zamanin nan kuma har da abin da mutum ke gani a fuskar wayarsa. Aikinsa ne ya sa ido ya fara sauka inda ya kamata.

An kafa jam'iyyar cikin 1914 a birnin Niyu Yok. Waɗanda suka fara ta masu maɗaba'a ne da masu buga littattafai da masu zane, shugabansu na farko kuwa William B. Howland, wani mai buga mujalla. Cikin 1920 suka soma ba da lambar girma ga gwanin da ya yi fice, wanda ya fara samunta kuwa wani mai ɗab'i ne, Norman Munder. Cikin 1923 suka soma zaɓen littattafai hamsin da suka fi kyaun tsari a kowace shekara, a baje su jama'a su gani. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara sittin, amma gaskiyar magana, jam'iyyar ta mutanen Niyu Yok ce. Ƙasar kuwa faɗi gare ta, daga gabarta ta gabas zuwa ta yamma tafiyar wajen sa'a shida ce a jirgin sama. Wanda ke zaune can nesa sai dai ya aika da kuɗin shekara, a aiko masa da takardu ta gidan waya, ya karanta labarin taron da bai halarta ba.

Al'amarin ya sake ne zamanin wata mace, Caroline Hightower, wadda ta riƙe ofishin jam'iyyar daga 1977 zuwa 1994. A zamaninta aka yarda kowane gari ya kafa reshensa. Mutanen Filadelfiya suka fara cikin 1981, na Niyu Yok suka bi cikin 1982, na San Faransisko cikin 1983, sa'an nan abin ya bazu kamar wutar daji. Cikin 1985 aka yi babban taron ƙasa na farko a birnin Bostan. Ta sami 'yan jam'iyya dubu ɗaya da 'yan kai, ta bar su sun haura dubu goma. Sa'ad da aka yi bikin cika shekara ɗari, cikin 2014, ana ambaton mutum wajen 25,000 da rassa kusan 70, ban da ƙungiyoyin ɗalibai da ke cikin makarantu.

Yanzu sai mu duba yadda reshe yake, gama a nan ne maganar take. Kowane reshe da rajistarsa da asusunsa da majalisarsa. Akwai shugaba da mataimaki, da magatakarda, da ma'aji, akwai mai shirya taruka, da mai kula da sababbin shiga, da mai hulɗa da makarantu, da mai neman gudummawa wurin kamfanoni, da mai watsa labari. Duk cikinsu babu mai karɓar albashi. Kuɗin shekara da mutum ya biya uwar jam'iyya yake tafiya, sa'an nan a komo wa reshe da wani kaso, sauran abin da reshe ke bukata kuwa shi zai nemo da kansa, ta hanyar kuɗin ƙofa da taimakon masu sayar da takarda da masu maɗaba'a da makamantansu. Mai shirya taro shi zai rubuta wa baƙo, ya nemi zauren da za a ba su aro, ya yi cinikin abin sha, ya jera kujeru, in an watse kuma shi da abokansa za su share wurin su mayar da mabuɗi. Gobe da safe kuwa maigidansa na jiransa a ofis, ba ruwansa da cewa jiya bai kwanta da wuri ba.

Mai karatu zai ce, to, me ya kai su? Abu na farko kaɗaici ne. Mai zayyana sau da yawa shi kaɗai ne irinsa a kamfanin da yake, ko kuwa yana aiki a ɗakinsa, daga shi sai kwamfuta. Ba shi da wanda zai nuna wa aiki ya ce masa nan ka gyara, ba shi da wanda zai tambaya nawa ake sa wa irin wannan kuɗi. Ranar taron reshe ita ce kasuwarsa. Can yake jin inda ake neman ma'aikaci, can yake gane wanda ya cinye wa wani haƙƙi don ya kiyaye. Akwai kuma wata rana da rassa da dama suka ware, ɗalibai su zo da ayyukansu, tsofaffin hannu su zauna bayan tebur su duba ɗaya bayan ɗaya, su faɗa musu gaskiya ko da ɗaci. Reshen Minesota ma yakan kwashi mutanensa kowace kaka zuwa bakin tafki can arewacin jihar, su kwana biyu ko uku tare, a yi karatu a yi hira, babba da yaro a ci a tebur guda.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Saurayi ko budurwa mai shekara ashirin da biyar, a wurin aikinsa ba mai ba shi riƙon kuɗi ko jan ragamar mutane. A reshe kuwa, in ya nuna himma, kafin shekara uku sai ka gan shi yana tsara kasafin shekara, yana sasanta mutum biyu da suka saɓa, yana tsayawa gaban mutum ɗari ya yi jawabi ba rawar murya. Abin da ya koya nan kyauta shi zai ɗaukaka shi a wurin aikinsa daga baya. Shugabancin waɗanda ba ka biyansu kuwa makaranta ce mai wuya, domin ba ka da ikon korar kowa, ba ka da abin da za ka yanke wa kowa. In ka yi tsawa, gobe ka zo ka tarar da kujeru. Dole ka koyi roƙo, da godiya a bainar jama'a, da gyara a keɓe, da ba mutum ɗan ƙaramin aiki mai iyaka wanda zai iya gamawa ya ga sakamakonsa, kafin ka aza masa babba.

A ganina, hikimar da ta fi kowace a tsarinsu ita ce wa'adi. Shugaban reshe yawanci shekara biyu yake yi ya sauka. A rassa da yawa akan zaɓi magajinsa tun da wuri, ya zauna kusa da shi yana ganin yadda ake yi, shi kuma in ya sauka ya ɗan zauna a majalisa yana ba da shawara. Uwar jam'iyya kuma ta daɗe da al'adar tara shugabannin rassa sau ɗaya a shekara, su kwana 'yan kwanaki a gari guda, na wannan jiha ya ji yadda na waccan ya fita daga ramin da shi yake ciki yanzu. Dalilin duk wannan a fili yake. Jam'iyyar sa kai ba ta cika mutuwa saboda rashin mai himma ba, ta fi mutuwa saboda mai himma guda ɗaya wanda ya rungume kome, shi ne da mabuɗi, shi ne da littafin asusu, shi kaɗai ya san lambar mai zauren. Kowa ya saki jiki tun da ga wane. Ran da ya gaji, ko aka yi masa canjin gari, ko aka haifa masa tagwaye, sai a waiwaya a ga babu wanda ya san inda aka ajiye kome. Mu ma nan ba mu rasa sanin irin wannan ba a ƙungiyoyin unguwa.

Ga misalin abin da reshe guda zai iya. Cikin watan Nuwamba na 2000 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka tsakanin George Bush ƙarami da Al Gore, aka zo sakamako ya rataya ga jihar Fulorida, inda ratar da ke tsakaninsu ƙuri'a 537 ce kacal. A wata gunduma ta jihar, Palm Beach, an tsara takardar ƙuri'a kamar buɗaɗɗen littafi, sunaye hagu da dama, ramukan da ake hudawa kuwa a jere a tsakiya. Sunan Gore shi ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne. Rami na biyu na wani ne, Pat Buchanan, wanda ya tashi da ƙuri'a fiye da 3,000 a gundumar da ba ta tasa ba ce. Kai, jama'a, dubi abin da mugun tsari ya jawo! A Shikago ma akwai takarda mai irin wannan fasali ta zaɓen alƙalai. Sai wata malamar jami'a, Marcia Lausen, tare da mutanen reshen Shikago da ɗalibanta, suka je wurin hukumar zaɓe ta yankinsu suka ce a ba su dama su gyara. Suka sake tsarin takardar, da alamomin rumfar zaɓe, da littafin koyar da ma'aikata. Abubuwan da suka tsaya a kai masu sauƙi ne in an faɗa: a jera sunaye daga gefe ɗaya, a yi baƙi mai girman da tsoho zai gani, kada a rubuta suna da manyan baƙaƙe zalla. Wannan na ƙarshe matsalar boko ce, mu masu ajami Allah ya hutar da mu. Aikin ya girma har cikin 2007 hukumar ƙasa mai taimakon sha'anin zaɓe ta fitar da ƙa'idojin tsara takardar ƙuri'a waɗanda mutanen jam'iyyar suka shirya mata.

Amma kada in nuna muku gaban riga in ɓoye bayanta. Tun da rassa suka yawaita, tambaya ɗaya ta ƙi kwanciya: jam'iyyar ta wace ce? Ta manyan gwanaye ce masu lambar girma, ko kuwa ta dubban talakawan sana'a da ke jera kujeru a garuruwan nesa? Cikin 2012 aka sauke mafi ƙarancin kuɗin shekara zuwa dala 50 don ƙofa ta faɗaɗa, aka kuma sake fasalin gasannin da aka gada, aka kawo wadda ke tambayar amfanin da aiki ya yi, ba kyaunsa kaɗai ba. Shahararriyar gwana Paula Scher ta rubuta suka mai zafi a kan haka. Cikin 2013 kuma majalisar ƙoli ta kawo shawarar sayar da gidan jam'iyyar da ke kan titin Fifth Avenue a Niyu Yok, mai zauren baje koli a ƙasa. Tsofaffin shugabanni da masu lambar girma da dama suka yi ca, suna ganin za a sayar da martabar sana'a. Masu goyon baya suka ce yawancin 'yan jam'iyya ba su taɓa taka ƙofar gidan ba, gara dukiyar ta amfani kowa. Aka sayar, ofis ya koma haya.

Ni dai, in an tambaye ni, kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma ta mutanen rassa ta fi nauyi. Sana'a tana bukatar gwanayen da yaro zai ɗaga kai ya duba, wannan haka yake. Sai dai mutumin da ya ba da darensa shekara biyu yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya komo garinsa daga cikin kuɗin da ya tara. In amsar ba ta gamsar ba, sai ya soma jin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma daga ran da wannan tunani ya shiga zuciyar ɗan sa kai, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙara tsananta al'amarin, taruka suka koma ta intanet, kuɗin ƙofa ya yanke, yawan masu biyan kuɗin shekara ya ja baya. Matasa kuma sun sami waɗansu dandaloli na kyauta inda suke haɗuwa da juna ba tare da katin kowa ba.

Akwai wani ƙulli kuma da na daɗe ina juya shi. Jam'iyyar nan ta yi suna wajen gargaɗin mutanenta kada su yarda da aikin gwaji, watau attajiri ya ce wa mutum goma kowa ya zana masa tambari, wanda ya fi burge shi ya biya, sauran tara su tafi da hannu biyu. Tana cewa wannan yana karya darajar sana'a, kuma gaskiya ce. To, amma ita kanta ba da aikin da ba a biya take rayuwa ba? Manomi zai fi kowa saurin warware wannan. Gayya dabam, aikin tilas dabam, ko da yake fartanyar ɗaya ce, zufar ma ɗaya. A gayya, yau gonarka gobe tawa, akwai fura, akwai kiɗa, akwai lokacin tashi, kuma amfanin yana cikin garin. Aikin reshe gayya ne muddin wanda ya yi shi yana ganin amfaninsa a kan 'yan'uwansa da kansa, ana gode masa, kuma ya san ranar da zai ajiye. In aka rasa waɗannan, sunan ne kawai ya saura. Shi ya sa rassa suke da wata lamba tasu ta gida, wadda suke ba dattijon sana'a da ya daɗe yana yi wa garinsu hidima, ko da sunansa bai kai Niyu Yok ba.

Sai dai gayya ma ba kowa ke iya zuwa ba. Wanda ke aiki biyu don ya biya bashin makaranta, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara da dare, da wanda kuɗin motar zuwa taro ma nauyi ne gare shi, ba za ka gan su a majalisar reshe ba, ba kuwa don rashin kishi ba. Sai shugabanci ya yi ta zagayawa tsakanin masu sukuni, su kuma su jawo abokansu masu kama da su, ba da mugun nufi ba, don su suka sani. A Amurka wannan rabo yakan bi launin fata. Cikin 1987 wata baƙar fata mai zayyana, Cheryl Miller, ta rubuta maƙala a mujallar Print tana tambayar ina baƙaƙen fata suke a cikin wannan sana'a. Cikin 1991 jam'iyyar ta kira taro musamman a kan dalilin da ya sa kashi 93 cikin ɗari na masu sana'ar farare ne. Aka yi jawabai, aka watse. Cikin 2014 wata matashiya daga reshen Sant Luwis, Antionette Carroll, ita ma 'yar sa kai, ta ja gaba aka kafa kwamiti na ƙasa don wannan magana. Da jam'iyyar ta yi ƙidayar masu sana'ar tare da kamfanin Google cikin 2019, baƙaƙen fata wajen kashi 3 cikin ɗari aka samu, alhali kuwa a cikin jama'ar ƙasar sun haura kashi 12.

Waɗansu rassa sun ɗauki matakan da ke cikin ikonsu. Suna tara kuɗi su biya wa ɗalibai marasa ƙarfi makaranta, suna haɗa sabon shiga da tsohon hannu ya riƙa duba shi wata da watanni, suna buɗe neman kujerun majalisa ga kowa maimakon a yi ta raɗa tsakanin abokai, suna kuma rarraba babban muƙami gida biyu don mai ƙarancin lokaci ya iya ɗaukar rabi. Cheryl Miller kuwa, wadda ta ɗaga murya, jam'iyyar ta ba ta babbar lambar girmanta cikin 2021, shekara 34 bayan fitowar maƙalarta.